Ba Hunturu Ne Ke Kashe Kajin Ba

Kowace shekara, daga Nuwamba zuwa wajajen Fabrairu, ana yin wata annoba a ƙasar Hausa wadda ba ta shiga labaran rediyo, ba a kafa mata kwamiti, ba a kuma ƙirga gawarwakinta. Kaza ɗaya ce za ta fara takurewa a gindin katanga, ta saki fukafukai kamar mai jan babbar riga a ƙasa, ta ƙi ci ta ƙi sha. Kafin mako ya zagayo akurki ya zama kango, na maƙwabta ma haka, har unguwa ta wayi gari babu zakaran da zai yi cara. Idan aka tambayi dalili, amsa a shirye take: iska ce, sanyi ne, lokacinsu ne ya yi. Masu faɗin haka ba maƙaryata ba ne, amma maganar ba gaskiya ba ce, kuma ita ce babbar garkuwar cutar. Abin da aka ɗora wa iska ba a neman sunansa, abin da ba shi da suna kuwa ba a nema masa rigakafi.

Cutar tana da suna. A mafi yawan lokuta ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle, sunan wani gari a arewacin Ingila inda aka gane ta a wajajen 1926, daidai lokacin da ta ɓulla a tsibirin Jaba na Indonesiya. A Najeriya an fara tabbatar da ita a 1952 a yankin Ibadan. Wato shekara saba'in da ɗoriya ke nan tana cikin littattafan gwamnati. Ƙwayar bairas ce ke haddasa ta, tana fita ta numfashi da majina da kashin kazar da ta kamu, ta shiga ta baki ko hanci ko idon mai lafiya. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu yakan ɗauki kwana 2 zuwa 15, galibi biyar ko shida. A tsakanin nan kaza tana yawo tana tono kamar lafiyarta ƙalau, alhali ta riga ta ɗauki ajalin 'yan'uwanta. Nau'in cutar mai zafi, wanda shi ne ke yawo a ƙauyuka, yana iya share kusan dukan garken da ba a yi wa rigakafi ba.

Hunturu yana da hannu, amma hannun mai masauki ne, ba na mai kisa ba. Ƙwayar cutar ta fi daɗewa da rai a cikin kashin kaji idan gari ya yi sanyi, zafin rana kuwa yana kashe ta. Sannan 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe bayan annobar bara sun girma ba su taɓa haɗuwa da ita ba, jikinsu ba shi da kariya. Babban dalili kuwa shi ne zirga-zirga. Bayan kaka kasuwannin ƙauye suna cika, ana bukukuwa, dillalai suna tara kaji don lodin Kirsimeti da sabuwar shekara, keji kan keji daga garuruwa daban-daban. Cutar ba a iska take zuwa daga Sahara ba. Da ƙafa take shigowa gida: kazar da aka sayo da araha, kazar da aka kai kasuwa ba ta yi ciniki ba aka dawo da ita, zakaran da aka kawo wa mai jego, takalmin dillali, kejin da aka aro. Agwagwa ma tana iya ɗauke da ita ba tare da ta nuna wata alama ba.

Da kaza ta farko ta takure, sai a aiki yaro kemis ya sayo ja-da-yalo. A fasa kafso a zuba a ruwa, wani ya ƙara da farasitamol, wani da barkono, wani da sassaƙen maɗaci ko gauta ko toka. A nan ne ya kamata a tsaya a faɗi magana ɗaya ba tare da kwana-kwana ba: babu kafson da ke kashe cutar Newcastle. Tetirasaikilin da danginsa an yi su ne don bakteriya, bairas kuwa wata halitta ce daban wadda maganin bai san hanyarta ba. Mai kemis da ya miƙa kafso don kazar da ke karkatar da wuya ko dai bai san wannan ba, wanda ya nuna bai cancanci ya ba da shawara ba, ko ya sani ya karɓi kuɗin, wanda ya fi muni.

Za a ce ai an gwada an gani: an ba kaza goma, uku sun tashi. Gaskiya ne uku sun tashi. Da ba a ba su komai ba ma da ukun nan sun tashi, domin a kusan kowace annoba akwai waɗanda jikinsu ke cin galaba, musamman tsofaffin da suka tsallake ta bara. Bakwai ɗin da suka mutu an ɗora wa ƙaddara, ukun da suka rayu an ba kafso lada. Da irin wannan lissafi babu maganin da zai taɓa faɗuwa jarrabawa, ko da ruwan randa ne. Akwai kuma dalili na biyu da ya sa al'adar ta yi jijiya, kuma ya kamata a yi masa adalci: wani lokaci abin da ke damun kajin bakteriya ne da gaske, kamar taifot ɗin kaji ko kwalarar kaji, sai maganin ya rage mutuwar. Wannan sa'a ce irin ta makaho da ya jefi tsuntsu. Kuɗin sa'ar kuwa ana biyansa daga baya, domin maganin da aka bayar ba bisa ƙa'ida ba, kaɗan yau kaɗan gobe, yana koya wa bakteriya jure masa, ragowarsa kuma tana zama a cikin nama da ƙwai ta shiga cikin mutanen gidan. Kafson da aka ɓarnatar a kan kaza shi ne wanda wata rana za a nema ya yi aiki a jikin yaro.

Aibin da ya fi kafso girma shi ne ba da magani kafin a tambayi mene ne ciwon. Ba kowace mutuwar kaji ba ce Newcastle, kuma mai kiwo mai lura yana iya rage zato da idonsa kafin ya ga likita. Tambaya ta farko ita ce su wa ke mutuwa. Idan manya da ƙanana ne gaba ɗaya, ga koren gudawa, ga haki da buɗe baki, ga kumburin kai, ƙwai ya tsaya ko yana fita da ɓawo mai laushi, daga baya kuma waɗanda suka rage suna murɗe wuya suna zagaye wuri ɗaya ko ƙafa ta shanye, to zato ya fi ƙarfi a kan Newcastle. Idan matasa ne kawai, 'yan mako uku zuwa shida, suna farin gudawa mai ruwa suna tsattsagar duburarsu, manya kuwa ko a jikinsu, Gumboro ce ta fi kusa. Ita ma bairas ce, ita ma kafso ba ya taɓa ta. Idan jini ne a cikin kashin ƙananan kaji, musamman da damina a wuri mai danshi, wannan ƙwayar hanji ce da ake kira koksidiya, kuma ita tana da magani na gaskiya, amfuroliyam ko dangin salfa, wanda ake samu a shagon magungunan dabbobi. Ƙuraje masu ɓawo a zanko da fuska wata cuta ce da sauro ke taimakawa wajen yaɗa ta, ba ta cika share garke ba sai idan ta shiga maƙogwaro. Idan kuwa kajin gida ɗaya ne suka zube cikin yini guda, na maƙwabta ba abin da ya same su, a duba ko sun ci irin shuka da aka cuɗa da magani, ko gubar ɓera, ko hatsin da ya yi funfuna. Cuta biyar ko shida ke nan, kowacce da abin da ya dace da ita, amma duk ana tarbarsu da kafso ɗaya.

Likitan dabbobi yana ƙara haske idan ya buɗe gawar da ba ta daɗe ba. A Newcastle yakan ga ɗigo-ɗigon jini a cikin ƙaramin tumbin da ke gab da ƙundu, da gyambo a hanji. A Gumboro wata 'yar jaka da ke saman dubura ce ke kumbura. A taifot hanta ce ke girma ta sauya launi. Sai dai akwai iyakar da ido ba ya wucewa, ko na likita ne, kuma a wannan iyaka ne maganar ta tashi daga asarar dukiya ta koma ta rai.

Murar tsuntsaye mai zafi da Newcastle tagwaye ne a ido. Dukansu suna kisa farat ɗaya, dukansu suna kumbura kai, dukansu suna kawo gudawa da murɗewar wuya. Akan ce zanko mai shuɗi da jan jini a ƙarƙashin fatar ƙafa sun fi nuna murar tsuntsaye, haka ma idan agwagi da talo-talo suna zubewa tare da kaji, amma wannan zato ne. Ɗakin gwaji kaɗai ke raba gardama. Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne. Newcastle galibi abin da take yi wa mutum shi ne ɗan jan ido na 'yan kwanaki. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 tana kashe mutum. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata babbar gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a kajin nahiyar Afirka. A cikin watan nan ta bayyana a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. A Janairun 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Ta sake dawowa a 2015 ta Kano da Legas, ta kuma dawo a 2021. Hanyar da ta fi kama mutum ita ce yanka da figa da gyaran kazar da ba ta da lafiya, wato daidai abin da ake yi a kowane gida da zarar kaza ta fara layi: a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Dafuwa sosai tana kashe ƙwayar cutar a cikin nama, amma wanda ya fige ya riga ya shaƙa, kuma sau da yawa yaro ne ko matar gida.

Ba daidai ba ne a zagi matar da ta yanka ko ta aika da sauran kasuwa. Lissafinta a fili yake: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kajin nan su ne asusunta, da su take sayen sabulu da littafin makaranta da maganin zazzaɓi, da su take fita kunyar biki. Idan ta ga biyu sun mutu ta san sauran na hanya, kuma babu wanda zai biya ta ko kwabo idan ta haƙa rami ta binne. Hankali ne a gida ɗaya, bala'i ne a gari. Kazar da ta sayar yau tana cikin kwanakin ɓuyan cutar, gobe tana wani ƙauye a tsakiyar wasu kaji. Gawar da aka jefa juji kare zai ja ta zuwa wata unguwa. Ruwan figa da kayan ciki da aka watsar a bayan gida kajin maƙwabta ne za su tona. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ba shi da uzuri shi ne dillalin da ya san alamun sarai, yake bin ƙauyukan da annoba ta shiga yana saye da rabin kuɗi, ya cakuɗa da masu lafiya ya wuce.

Abin da ya kamata a yi idan cutar ta shigo ba shi da daɗin ji, domin babu warkarwa a cikinsa, sai tsare saura. A ware marasa lafiya nesa, da kwanon ruwansu daban. A killace masu lafiya a ciyar da su a gida, ko da yake wannan nauyi ne ga wanda kajinsa suka saba ci daga tono. Kada kaza ta fita, kada wata ta shigo. Wadda ta riga ta shanye ko take haki ba ta iya shan ruwa, barinta azaba ce gare ta kuma hatsari ne ga saura. Gawa a binne ta a rami mai zurfin da kare ba zai tono ba, ko a ƙone, tare da gashin da kashin, kuma ba da hannu tsirara ba, ba kuma yara ne za su ɗauka ba. A wanke hannu da sabulu, a wanke kwanuka da akurki da ruwan bilic, a bar rana ta dake su, a bar wurin babu kaza kimanin wata guda kafin a sake zubawa. Idan mutuwar ta zo da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a buɗe gawa a gida, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Rigakafi ba ya ceton kazar da ta riga ta kamu. Ita kuwa sabuwar kaza, ko ta kyauta ce daga surukai, ta yi mako biyu zuwa uku a keɓe kafin ta shiga cikin 'yan gida.

Duk wannan kashe gobara ne. Abin takaicin shi ne gobarar ba dole ba ce, domin rigakafin Newcastle ya daɗe da samuwa kuma yana cikin mafi arahar magungunan dabbobi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin nau'o'insa, har da LaSota da Komarov waɗanda gidajen gona ke amfani da su a kan jadawali. Waɗannan an tsara su ne don mai kaji dubu: kwalba ɗaya ta ɗaruruwan kaji ce, tana buƙatar firji daga masana'anta har gona, kuma da an haɗa ta da ruwa sai a ƙarar cikin ɗan lokaci. Mai kaza goma sha biyu a ƙauyen da babu lantarki ba ta cikin wannan lissafi. Masana sun ga wannan giɓi tun tuni. A Jami'ar Queensland ta Ostareliya, Farfesa Peter Spradbrow da abokan aikinsa, da tallafin hukumar binciken noma ta ƙasarsu, suka fitar da nau'in da ake kira I-2 musamman don kajin ƙauye. Ya fi sauran jure zafi, ko da yake shi ma yana son inuwa da sanyi gwargwadon hali. Ɗigo ɗaya ake sawa a ido, babu allura, ana ba manya da 'yan tsaki, a maimaita duk wata huɗu. Kariyar takan kankama bayan mako ɗaya zuwa biyu. Irinsa na asali kyauta aka riƙa ba ƙasashe masu tasowa don su sarrafa da kansu. Mozambik da Tanzaniya sun gina kamfe a kansa, inda ake horar da mutanen ƙauye, da yawansu mata, su bi gida-gida sau uku a shekara suna ɗiga wa kaji ana biyansu ɗan abin da ya sawwaƙa a kan kowace kaza. Vom ma tana yin I-2. Ilimin yana nan, kwalbar tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai ɗauke ta daga firjin birni ya kai ta ƙofar gida a watan Oktoba.

Wanda ya ce wannan ya fi ƙarfin hukuma ya tuna da bushiya. Ciwon nan na shanu ya taɓa talauta Fulani da Shuwa fiye da yadda fari ya yi. A 1962 aka ƙaddamar da gangamin rigakafinsa na haɗin gwiwa a yankin tafkin Cadi, tsakanin Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, ma'aikata suna bin garke har cikin daji. Ya sake dawowa da ƙarfi a farkon shekarun 1980, aka sake tashi, kuma a ƙarshe rigakafi mai jure zafi da ma'aikatan sa-kai na cikin makiyaya suka taimaka wajen kai shi wuraren da mota ba ta zuwa. A 2011 aka shelanta cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa. Newcastle ba za ta kawu haka ba, domin tana cikin tsuntsayen daji da tantabaru, kuma kaji suna sabuwa da sauri. Amma wanda ya iya bin saniya zuwa bakin tafki ba zai ce kazar da ke kwana a bayan ɗaki ta yi masa nisa ba. Bambancin yana wajen mai dukiyar. Saniya ta maza ce, tana da haraji, tana da ƙungiya, tana da mai magana a majalisa. Kajin gidan gona ma suna da ƙungiyarsu da ke ganin minista. Kazar gida ta mata ce da yara, su kuwa ba su da wanda zai kai kukansu Abuja ko Yamai. Ƙiyasin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na wajajen 2018 ya sa kajin Najeriya a kimanin miliyan 180, kusan miliyan 80 daga ciki na kiwon sake ne, ninki biyu na waɗanda ke manyan gonaki. Mafi yawa su ne mafi ƙarancin gata.

Hatta kiran da ake yi wa mutane su kai rahoto yana da rami a ƙarƙashinsa. A 2006 diyyar farko da gwamnatin tarayya ta sanar ita ce naira 250 kan kowace kaza da aka kashe, ƙasa da kuɗinta a kasuwa, sai daga baya aka ƙara. Darasin da mutane suka ɗauka shi ne mai kai rahoto shi ke asara, mai ɓoyewa ya sayar ya tsira da wani abu. Ba a gyara wannan da sanarwar rediyo. Ana gyara shi da diyya mai ma'ana da ke isa hannun mai kaza goma kamar yadda take isa ga mai dubu goma, da kuma ma'aikacin da mutane suka saba ganinsa yana zuwa da rigakafi, ba sai ranar kisa ba.

A Yulin 2024 aka kafa wa kiwo ma'aikatar tarayya tata ta kanta, jihohi da dama kuma suna bin sahu. Zancen da ya cika bakinta shi ne burtali da gandun kiwo da madara, kuma babu mai musun nauyinsu. Sai dai akwai ma'auni mai sauƙi da za a auna ta da shi, wanda ba ya buƙatar rancen Bankin Duniya: firji mai aiki da hasken rana a ofishin dabbobi na kowace ƙaramar hukuma, ƙananan kwalaben I-2 a cikinsa, mata biyu ko uku a kowace mazaɓa da aka koya wa riƙe kaza da ɗiga ido, da ranaku uku a shekara da mai unguwa da limami za su sanar. Kafin hakan ta samu, unguwa ba sai ta jira ba. Gida ashirin masu kaza goma-goma sun cika kwalbar ɗari biyu, kuɗinta a rabe bai kai na kafson da kowannensu zai saya a Disamba ba. Mutum ɗaya ya je shagon magungunan dabbobi ko asibitin dabbobi na jiha da kula da ƙanƙara, ya duba ranar lalacewa, a tsare kajin tun daren jiya, a gama da sassafe a inuwa. Zagayen da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na Oktoba, kafin ƙura ta taso, sai na Fabrairu, sai na Yuni.